Yadda wani situdiyo a Gombe ya ɗinka wa REAPER sabuwar riga da mazubin bekta

Situdiyon ɗaki biyu ne a bayan wani shagon kayan lantarki a Jekadafari, cikin garin Gombe. Waƙa ba ita ce mafi yawan aikinsa ba. Tallar rediyo ce, da shirye-shiryen wayar da kai da Hausa da Fulatanci, jefi-jefi da Tangale, sai karatun malamai da ake tacewa, wanda kan yi yawa idan azumi ya gabato. Manhajar da ake ɗaukar sauti da ita REAPER ce, ta kamfanin Cockos, wanda Justin Frankel ya kafa, mutumin da ya fito da Winamp a 1997. Kwamfutoci biyu ne a wurin. Tsohuwar mai inci 15.6 ce, fuskarta fiksel 1366 a kwance, 768 a tsaye. Sabuwar mai inci 14 ce, 1920 da 1080, kuma Windows ta saita girman abin da ke kanta a kashi 150 cikin ɗari. Akwai kuma talabijin mai inci 32 a bango, wadda ake jona wa don mai talla ya ga abin da ake yi masa.

Rigar da REAPER ke zuwa da ita, wato launuka da siffar maɓallan da ake gani a fuskarta, mai duhu ce, ta ɗakin da aka rufe tagoginsa aka rage fitila. A nan kuwa, da bazara, in an ɗauke wuta da rana, inbata ba ta ɗaukar na'urar sanyaya ɗaki, dole a buɗe tagar ɗakin mikisa. Rana ta daki gilashin kwamfuta, ga shi an rage hasken fuskar don batiri ya kai la'asar. A wannan hali maɓallin da ke kunne da wanda ke kashe kusan ɗaya suke a ido. Wata rana aka haɗa talla aka tura gidan rediyo, ashe tirak ɗin, layin sautin da ke ɗauke da lambar wayar mai tallar, an yi masa miyut, wato an rufe sautinsa, tun lokacin gyara, ba a buɗe ba. Sai da aka sa ta a iska sau biyu mai kaya ya bugo waya.

"Oga, wallahi ban ga alamar an rufe shi ba," in ji yaron situdiyon. Mai gidan ya zauna a kujerar yaron, a daidai wannan lokaci na rana, ya duba. Shi ma bai gani ba.

Abin da aka nema

Ba kwalliya aka nema ba, kuma wannan ne ya cece aikin daga baya. Rigar REAPER cikakkiya hotuna ne ɗaruruwa, wanda ya ce zai sake su duka zai shekara bai gama ba. Aka tsaya kan hotuna 14: miyut a kashe da a kunne, solo (mai sa a ji tirak ɗaya kaɗai) haka, maɓallin ɗana rikodi (mai shirya tirak don ɗaukar sauti) haka, maɓallin kunnawa da na rikodi da ke kan sandar sarrafawa kowanne da yanayi biyu, kan feda (abin da ake ja don ƙara ko rage sauti), bangon tirak a mikisa (tagar haɗa sautuka) da bangonsa idan an zaɓe shi, sai maɓallin murɗawa na karkata sauti hagu ko dama. Sharaɗin kuma ɗaya ne: mutum ya tsaya a bakin ƙofa da azahar, ya iya faɗin tirak ɗin da aka rufe.

Aka kira wani matashi mai zanen katin biki da kalanda da banar 'yan siyasa, wanda CorelDRAW take kamar tafin hannunsa. Da aka nuna masa maɓallan ya ce, "Yaya, ai wannan aikin rabin awa ne." Kwana 9 ya ci.

Abu na farko da ya kamata a gane shi ne, REAPER ba ta karanta zanen bekta a rigarta. Hotunan PNG take ci, masu ƙidayayyun fiksel. Zanen bekta lissafi ne na layuka da kusurwoyi, ana iya girmama shi ya kai bango bai lalace ba. To me ya sa za a wahala da shi? Saboda tun daga REAPER 6, wadda ta fito a Disamban 2019, rigar asali tana ɗauke da kowane hoto a girma uku: na kashi 100 a babbar folda, na 150 da na 200 a ƙananan foldoji masu waɗannan sunaye. Hotuna 14 sau uku, fayil 42 ke nan. Wanda ya zana su da hannu ɗaya bayan ɗaya, ranar da aka ce a ɗan canza ja sai ya sake 42 ɗin. Bekta mazubi ne, kamar na bulo: a gyara shi sau ɗaya, a yi ta zubawa.

Zubin farko, da abin da ya lalata shi

Zanen da ya fara kawowa ya yi kyau a kwamfutarsa. Da aka sa shi a REAPER sai ya zama abin dariya, kuma duk kurakuran daga ɗabi'ar aikin ɗab'i suka fito, ba daga manhajar zanen ba.

Kowane maɓalli a REAPER hoto ɗaya ne mai ɗauke da siffa uku a jere daga hagu zuwa dama: yadda yake a zaune, yadda yake idan linzami ya hau kansa, da yadda yake idan an danna. Manhajar tana raba faɗin hoton gida uku daidai, ta nuna kaso ɗaya. Shi kuwa ya yi awonsa da milimita, ya fitar da hoton an datse shi daidai bakin zane, sai faɗin ya tashi 76. Lambar 76 ba ta rabuwa uku. Sakamakon shi ne idan linzami ya gifta, maɓallin ya ɗan zabura gefe, wani siririn layi na siffar maƙwabciya ya leƙo.

Sannan ya sa farin harafin M a kan ruwan ɗorawa. A kan takarda mai sheƙi wannan yakan wuce. A kan gilashi cikin rana harafin ɓacewa yake. Akwai ma'aunin wannan, ba sai an yi gardama ba: ƙa'idar WCAG, wadda masu gina shafukan intanet ke bi, ta nemi bambancin haske tsakanin ƙaramin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 bisa 1, na maɓallai da alamomi kuma 3 bisa 1. Ruwan ɗorawa mai lamba FFC400 da farin harafi bai wuce 1.6 ba. Da baƙin harafi yana haura 13.

Na uku, bangon takardar fari ne kuma an fitar da shi tare da zanen, sai kowane maɓalli mai zagayayyun kusurwoyi ya fito cikin farin akwati. Na huɗu shi ne na ruwan hoda, wanda ya fi kowanne cin lokaci, za a zo kansa.

Gina mazubin

Aka koma wata manhajar zanen bekta, Inkscape. CorelDRAW za ta iya aikin idan an buɗe takarda a tsarin RGB da awon fiksel, amma Inkscape kyauta ce, ana iya sa ta a kwamfutar situdiyon kanta, kuma tana fitar da hotuna ta layin umarni, wanda shi ne ribar duka aikin.

A tagar Document Properties aka mai da awo fiksel, aka tabbatar sikelin 1 ne, wato fiksel ɗaya na takarda daidai yake da fiksel ɗaya na hoto idan an fitar a dpi 96, wato ɗigo 96 a inci ɗaya. Daga nan lissafin mai sauƙi ne: 96 na kashi 100, 144 na 150, 192 na 200. Wanda ya samo tsohon mazubi a intanet ya kula da wannan wuri. Kafin Inkscape 0.92 ta 2017, dpi 90 ake amfani da shi. Idan aka buɗe irin wannan fayil aka amsa tambayar sauya awo ba daidai ba, maɓallin fiksel 28 zai koma 29.87, komai ya sauka daga kan raga, wato layukan awo da ke sarƙe a kan takardar zane.

Ragar ita ce zuciyar mazubin. Aka sa ta a tazarar fiksel 2, ba 1 ba, aka kunna mannewa. Dalili: duk lambar da ba ta rabuwa biyu, idan aka ninka ta da ɗaya da rabi sai ta ba da rabin fiksel, kuma babu rabin fiksel a duniya. Manhajar zane za ta raba launin tsakanin fiksel biyu, gefen maɓalli ya yi dishi-dishi kamar an shafa masa mai. Mai zanen ya so maɓalli mai fiksel 25, wanda zai zama 37.5. Aka tsayar da 28. Hoton mai siffa uku ya zama 84 da 28, a kashi 150 ya zama 126 da 42, a 200 kuma 168 da 56. Duk cikakkun lambobi, duk faɗin yana rabuwa uku.

Layin gefe ma tarko ne. A zanen bekta kaurin layi yana zama rabi ciki rabi waje da hanyar da aka ja. Layi mai kaurin fiksel 1 da aka ɗora daidai kan raga zai bazu kan fiksel biyu, kowanne da rabin launi, baƙi ya koma toka-toka. Ana iya matsar da shi da 0.5, amma a kashi 150 matsalar za ta dawo. Hanyar da aka bi ita ce a daina amfani da layin gefe gaba ɗaya: murabba'i mai duhu 28 da 28 a ƙasa, wani mai launi 24 da 24 a kansa, gefen fiksel 2 ya fito da kansa, a kashi 150 ya zama 3 cif.

Jikin maɓalli sau ɗaya aka zana shi. Sauran duk 'ya'yansa ne da aka cira da Alt da D, waɗanda ke bin uwarsu duk yadda aka sauya ta. Launuka kuma ba a zuba su abu-abu ba, an ba su sunaye a tagar Selectors and CSS: rufe, solo, ɗana, bango. Duk abin da ke ja yana ɗaukar jansa daga wuri ɗaya.

Sai shimfiɗar da aka kira iyaka. A cikinta kowane hoto yana da murabba'i marar launi marar layi, mai daidai girman fayil ɗin da ake so, kuma a Object Properties aka ba shi sunan da REAPER ke nema harafi da harafi: track_mute_off, track_mute_on, track_solo_on, track_recarm_on, transport_record_on, mcp_volthumb, da sauransu. Wannan murabba'in shi ke hana datsewa a bakin zane. Umarnin fitar da ɗaya kamar haka yake:

inkscape riga.svg --export-id=track_mute_on --export-dpi=144 --export-filename=150\track_mute_on.png

Aka jera irinsa 42 a fayil ɗin bat guda, irin fayil ɗin da Windows ke bin umarnin cikinsa ɗaya bayan ɗaya. Kowane layi yana ɗaukar 'yan daƙiƙoƙi saboda Inkscape sai ta tashi sabo, amma danna biyu ne mutum ya tafi ya sha ruwa ya dawo. Ba a ƙara umarnin export-id-only ba, da gangan, domin shi zai fitar da murabba'in iyaka shi kaɗai, wato hoto fanko.

Game da siffar maɓallan, an ɗan yi muhawara ko a sa haruffan Hausa a maimakon M da S. Aka bar su, kuma daidai ne: duk injiniyan da ya zo aron situdiyo, da duk bidiyon koyarwa da yaron zai kalla, M da S suka sani. Abin da aka ƙara shi ne kada launi kaɗai ya ɗauki saƙon. Miyut a kunne ruwan ɗorawa ne da baƙin M da aka ja wa layi a karkace. A kashe kuwa toka ne mai duhu, babu layi. Maɓallin ɗana rikodi zobe ne fanko a kashe, cikakken da'ira ja a kunne. Ko rana ta cinye launin, siffar tana nan, kuma mai wahalar bambance ja da kore ma ya huta.

Ruwan hoda

Maɓalli girmansa ɗaya ne kullum. Bangon tirak a mikisa kuwa yana miƙewa, domin mutum na iya jan tagar ta yi tsawo ko ta gajarce. Idan aka miƙar da hoto mai zagayayyun kusurwoyi haka kawai, kusurwoyin za su ja kamar roba. REAPER tana magance wannan da wata dabara: ana ƙara wa hoton gefe mai kaurin fiksel 1 a kowane ɓangare, a cikinsa a ja gajerun layuka masu ruwan hoda daga kusurwar sama ta hagu da kusurwar ƙasa ta dama. Tsawon layin yana gaya wa manhajar iya wurin da ba za ta taɓa ba. Abin da ya rage a tsakiya shi take miƙarwa. Shi kansa gefen ba ya fitowa a fuska.

Amma sai launin ya zama ja 255, kore 0, shuɗi 255, kuma ba mai ganin ciki ba ko kaɗan. Ba kusa da haka ba, haka ɗin. Mai zanen ya ɗauko majenta daga akwatin launin da ya saba, na CMYK, wanda injin ɗab'i ke amfani da shi. Idan aka mai da wannan majentar RGB takan faɗo wajen 236, 0, 140, gwargwadon tsarin launin da aka saita. A ido ruwan hoda ne. A wurin REAPER wani launi ne kawai cikin hoto, don haka ta zana shi a gefen kowane tirak, ta kuma miƙar da kusurwoyin. Mikisa ta fito kamar an yi mata jan baki.

Da aka gyara lambar launin, tsohuwar kwamfuta ta yi daidai, sabuwar ta ƙi. Nan ne mazubin bekta yake da rami wanda ba kowa ke hangowa ba. Zanen bangon 40 da 40 ne, da gefensa 42 da 42. Idan aka fitar a dpi 144, komai zai ninku har da gefen: hoton ya zama 63 da 63, layin ruwan hoda ya zama fiksel ɗaya da rabi. REAPER kuwa fiksel 1 take cirewa a kowane girma. Abin da ake so a kashi 150 shi ne zane 60 da gefe 1 kowane ɓangare, wato 62. A kashi 200 kuma 82, ba 84 ba. Tsawon layin yana girma tare da kusurwar da yake karewa, kaurinsa ne ba ya motsi.

Maganin da aka yi: hotuna masu ruwan hoda ba a fitar da su ta hanyar sauya dpi. An ciri 'ya'ya biyu daga uwar zanen, aka girmama ɗaya da 1.5, ɗaya da 2, a kan takardar kanta. Kowanne aka yi masa nasa gefen da hannu, da ƙananan murabba'ai masu kaurin fiksel 1 da aka rubuta wurinsu da lamba, aka ba kowanne nasa murabba'in iyaka, aka fitar da ukun a dpi 96. Tunda 'ya'ya ne, in an taɓa uwar duk suna bi.

Ba a yarda da ido a nan. Ana buɗe hoton da aka fitar a manhajar tace hoto ta GIMP, a zuƙo shi kashi 1600, a ɗora ma'aunin launi a kan fiksel na farko a sama ta hagu da na ƙarshe a ƙasa ta dama. In ya nuna 254 a inda ake son 255, a koma a duba wurin murabba'in, lallai akwai ɗigo da wasu lambobi a bayansa. Akwai kuma ruwan ɗorawa tsantsa, 255, 255, 0, da ake sawa a wannan gefe don nuna ɓangaren da zai fita wajen iyakar abu, kamar inuwa. Ba a buƙace shi a wannan aiki ba, domin an yanke shawarar babu inuwa ko ɗaya.

Sa rigar a jikin manhaja

Ba a taɓa rigar asali. Daga menu na Options ana buɗe foldar kayan REAPER, a shiga ColorThemes. Fayil mai ƙarshen ReaperThemeZip zif ne kawai: a kwafe shi, a sauya ƙarshen sunan zuwa zip, a warware. A ciki akwai fayil mai ƙarshen ReaperTheme da foldar hotuna. Aka sake wa dukansu suna, sannan aka buɗe fayil ɗin a Notepad aka gyara layin ui_img ya nuna sabon sunan foldar. Wanda ya manta wannan layin zai yi ta zuba hotuna a foldar da manhajar ba ta kallo.

Launukan da ke cikin wannan fayil kada a gyara su da hannu sai an san yadda aka jera su. Lamba ɗaya ce doguwa, kuma a juye take da yadda masu zane suka saba: ja tsantsa 255 ne, shuɗi tsantsa 16711680. Ya fi sauƙi a nemo tagar gyaran riga a jerin Actions, a zaɓi launi da ido. A wannan tagar ne kuma ake da maɓallin Reload images, wanda ke sake ɗauko hotuna ba sai an rufe manhaja ba.

Ƙananan abubuwa biyu sun ci rabin yini. Windows tana ɓoye ƙarshen sunan fayil, sai aka samu wani hoto sunansa na gaskiya track_solo_on.png.png. Sannan sunayen da suka fara da track na gama-gari ne: idan riga tana da mcp_mute_on, shi mikisa za ta ɗauka ta bar na gama-garin, haka tcp a jerin tirak na hagu. Kafin a zana komai, a bincika foldar da kalmar mute a ga duk 'yan uwan da ke akwai, har da masu ƙarshen _ol, waɗanda ake ɗorawa a saman maɓalli don sheƙi ko inuwa. Tsohon sheƙi a kan sabon maɓalli mai wani girma yana fitowa kamar tabo.

Girman hoto kuma ba ya ƙara wa maɓalli fili. Filin yana cikin fayil ɗin rtconfig.txt, a harshen da ake kira WALTER. A mafi sauƙin siffarsa layin kamar haka ne:

set mcp.mute [4 120 28 28]

Wato fiksel 4 daga hagu, 120 daga sama, faɗi 28, tsawo 28. Ana iya ƙara lambobi huɗu a baya, tsakanin 0 da 1, masu faɗin yadda kowane gefe zai bi taga idan ta girma. Feda, alal misali, ana so ƙasansa ya bi tsawon taga, samansa ya tsaya. Sai dai rubutun rigar asali ba mai sauƙi ba ne haka, cike yake da lissafi da sharuɗɗa, domin wuri ɗaya yana hidimar girma uku da tsare-tsare da dama. Ƙa'idar da aka bi ita ce lamba ɗaya a lokaci ɗaya: a canza, a adana, a sake ɗauko riga, a duba. Da aka girmama miyut sai ya hau kan solo, aka matsar da solo, shi kuma ya ci kan feda. Ƙarin fiksel ɗin dole ya fito daga wani wuri, kuma a fuska mai tsawon 768 babu rarar fili. Feda ne ya biya, ya ɗan gajarce.

Kan feda da maɓallin murɗawa

Kan feda abu ɗaya yake buƙata: farin layin da ke nuna matsayinsa ya zauna a tsakiyar tsawon hoton daidai. Aka yi shi 24 da 44, layin mai kaurin 2 daga 21 zuwa 23. Waɗannan lambobi ba sa rabuwa biyu, don haka a kashi 150 layin ya ɗan yi laushi a gefe. Aka gwada kauri 4, daga 20 zuwa 24, ya fito tas a duk girman, kuma daga ƙofa ya fi ganuwa.

Maɓallin murɗawa hoto ne dogo, siffofi murabba'ai a jere daga sama zuwa ƙasa, kowacce da alamar ta ɗan juya gaba. Aka yi 61, lambar da ba ta rabuwa biyu da gangan, don a samu siffa ta 31 a tsakiya cif, inda sauti bai karkata ko'ina ba. Juyin duka digiri 270 ne, a raba wa tazara 60, kowacce 4.5. Da siffa 24 da 24, hoton ya zama 24 da 1464. Create Tiled Clones na Inkscape ne ya jera su, layi 61, ginshiƙi 1. A gwajin farko alamar ta riƙa rawa tana kaucewa tsakiya, saboda ana juya ta a kan tsakiyar kanta, ba tsakiyar maɓalli ba. Aka haɗa ta rukuni ɗaya da murabba'i marar launi 24 da 24, tsakiyar rukunin ta zama ta maɓalli, rawar ta tsaya. Jikin maɓallin an jera shi daban ba tare da juyi ba.

Ƙugiya

Sunayen tirak a wannan situdiyo da Hausa da Fulatanci ake rubuta su, akwai ƙ da ɗ da ɓ, ga ƴ da ŋ na Fulatanci. Font ɗin da mai zanen ya zaɓa don kyau ba shi da su, sai Windows ta riƙa aro su daga wani font, kalmar ƙarshe ta fito da harafin farko siriri, sauran masu kauri. Aka koma Noto Sans, wanda yake da su duka. Fayil ɗin riga sunan font kawai yake riƙewa, ba font ɗin kansa ba, don haka sai da aka girka shi a kwamfutocin biyu. Haruffan da ke jikin maɓallai kuwa an mai da su zane da Object to Path, saboda mazubin ya buɗe daidai a kowace kwamfuta.

Talabijin ɗin bango ta kusa sa a yi gyaran banza. A kanta gefen maɓallai ya yi hazo, toka mai duhu da baƙi suka haɗe. Ba laifin riga ba ne. Talabijin masu inci 32 da yawa gilashinsu 1366 da 768 ne ko da suna karɓar 1080, sai su matse hoton da kansu. Aka saita kwamfutar ta aika ainihin girman gilashin, aka kashe yankan gefe da ƙarin kaifi a menu ɗin talabijin, aka daidaita zangon launi na HDMI a ɓangarorin biyu.

Gwajin bakin ƙofa

A rana ta 9, da misalin ƙarfe 1:30, aka buɗe taga, aka rage hasken fuska zuwa inda ake barinsa in babu wuta. Aka buɗe aiki mai tirak 12, aka rufe 3, aka ɗana 1. Yaron ya tsaya a ƙofa, kamar taku huɗu daga tebur, ya faɗi ukun daidai. A na ɗanawa ya yi jim.

"Oga, wancan na bakwai, ja ne ko ruwan lemo?"

Gilashin tsohuwar kwamfutar irin wanda launi ke sauyawa ne idan an kalle shi daga gefe, kuma jan da aka zaɓa yana da ɗan kore a ciki, daga ƙofa yana karkata wajen launin miyut. Mai zanen ya buɗe mazubin, ya rage koren a launin da aka kira ɗana, ya ƙara shuɗi kaɗan, ya danna fayil ɗin bat. Kafin a gama shan ruwa hotuna 42 sun sake fitowa, aka danna Reload images, yaron ya koma ƙofa ya ce na bakwai ne.

Foldar 200 tana nan da hotunanta, an auna su a GIMP amma ba a gan su a jikin manhaja ba, don babu fuska mai wannan girma a situdiyon. Tagar MIDI da ta tasirin sauti an bar su da rigarsu ta asali. Fayil ɗin riga.svg da na bat da font ɗin an haɗa su a folda ɗaya, kwafi a kowace kwamfuta, na uku a filashin da ke cikin durowar mai gidan.